Koyar da Yaƙin Neman Ƴancin Kai ta Hanyar Tarihin Gida: Misalin Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wata matsala ce da ke fuskantar duk malamin da ke koyar da tarihin ƙarshen mulkin mallaka a Nijar. Idan an zo babin neman ƴancin kai, littattafan da ke hannunmu sukan kai ɗalibi Aljeriya (1954-1962), ko Madagaska (1947), ko Kenya ta zamanin Mau Mau, ko Kamaru ta Ruben Um Nyobe; idan kuma an dawo gida, sai a ba shi ranaku uku ya haddace: 28 ga Satumba 1958, 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960. Abin da ɗalibi ke fahimta daga wannan tsari shi ne, an yi yaƙi a can, an sa hannu a takarda a nan.

Muna ganin wannan fahimta ba ta cika ba, kuma hanya mafi sauƙi ta nuna haka ita ce a taƙaita fagen nazari zuwa yanki guda, a bi abin da ya auku a cikinsa tun daga shigowar Faransawa har zuwa bayan saukar tutarsu. Mun zaɓi gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi. Za mu fara da batun kalmomi, sannan mu duba lokuta uku na tarihin yankin, daga nan mu kawo shawara kan yadda za a tsara darasi, da abubuwan da ya kamata malami ya kiyaye.

2. Batun kalma: shin an yi yaƙin ƴancin kai a Nijar?

Idan abin nufi shi ne yaƙin da wata runduna ta ƙasa ta gwabza da sojan Faransa har ta tilasta musu fita, kamar yadda FLN ta yi a Aljeriya, to ba a yi irinsa a Nijar ba. Amma an ɗauki makami sau da dama don ƙin mulkin baƙo: a Lugu a 1899, a Kobkitanda da Karma a 1905-1906, a Abzin ƙarƙashin Kawusan a 1916-1917. Haka kuma a 1964-1965 jam'iyyar Sawaba ta shigo da mayaƙa don kifar da gwamnatin Jori Hamani, bisa hujjar cewa ƴancin 1960 na suna ne kawai, tun da Faransa ce ta ɗora wannan gwamnati a 1958 kuma sojanta na nan a ƙasar.

Ke nan amsar tambayar ta dogara ga wanda aka tambaya, da kuma harshen da aka yi tambayar da shi. Rahoton kumandan yakan kira mamayar ƙasa da sunan pacification, wato kwantar da ƙasa. Gwamnatin RDA ta kira mayaƙan Sawaba ƴan ta'adda. Su kuwa sun kira kansu masu ƴanto ƙasa. A Hausa muna da yaƙi, da hari, da bore, da tawaye, da jihadi, da gwagwarmaya, kuma kowace kalma tana ɗauke da hukunci a cikinta: wanda ya ce tawaye ya riga ya amince cewa mai mulkin halastacce ne. Ita kanta kalmar sawaba tana nufin sauƙi bayan wahala, ba ta yi daidai da indépendance ba. Saboda haka darasin farko, a ganinmu, darasin fassara ne: a ba ɗalibai waɗannan kalmomi na harsunan biyu, su gwada daidaita su, su ga inda suka ƙi daidaituwa.

3. Yankin da mutanensa

Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kuma tun kafin zuwan Turawa zango ce ga ayarin da ke tasowa daga Agadas zuwa Katsina da Kano. Mayahi tana arewa maso yamma da ita, a kwarin Gulbin Kaba. Mazauna yankin sun haɗa da Tazarawa, da Katsinawa, da Gobirawa, da Fulani, da Buzaye. Bayan jihadin 1804, gidan sarautar Katsina da aka kora ya kafu a Maraɗi, na Gobir kuma a Tsibiri, sai ƙasar Tasawa ta zama tsakanin ƙarfi uku: Maraɗi a yamma, Damagaram a gabas, Katsina ta daular Sakkwato a kudu.

A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin cikin gida ya raba sarautar Maraɗi, inda Ƙaura Hasau ya fi ƙarfin sarakuna, har Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa ya kafa fadarsa. Wannan shi ne halin da Faransawa suka tarar, kuma da shi suka yi amfani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wajibi ne ɗalibi ya san wannan kafin a ambaci sunan Bafaranshe ko ɗaya, domin in ba haka ba zai ɗauka cewa baƙi sun tarar da al'umma guda mai murya guda, sannan ya kasa gane dalilin da ya sa wani sarki ya yi yaƙi, wani ya ƙulla yarjejeniya, wani kuma ya kwashe mutanensa ya shiga daji.

4. Lokaci na farko: Yulin 1899

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta raba ƙasar Hausa a kan taswira, ta bar wa Faransa gefen arewa. Domin tabbatar da wannan rabo da kuma isa tafkin Cadi aka tura rundunar da kyaftin Voulet da kyaftin Chanoine suka jagoranta. Ta tashi daga bakin kogin Kwara a Janairun 1899, ta yi karo da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, ta ƙona Birnin Ƙonni a watan Mayu tare da kashe jama'a masu yawa, ta kuma ci gaba zuwa gabas tana ƙone garuruwa da kama bayi da ƴan dako. Labarin ta'asar ya isa Faris ta wasiƙar laftana Peteau, wanda aka kora daga rundunar, sai gwamnati ta tura kanar Klobb ya bi sawunta. A kan hanyar da ta nufo Tasawa, a Koran Kalgo, ya tarar da gawawwakin mata da ƴan mata da aka kashe.

Ƙarshen al'amarin a ƙasar Tasawa ya auku. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, Voulet ya sa aka buɗe wa Klobb wuta, aka kashe shi, aka raunata mataimakinsa Meynier. Bayan kwana biyu sojojin rundunar suka juya wa shugabanninsu baya: aka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17, a Maijirgi, gabas da Tasawa. Sauran hafsoshin suka ci gaba da tafiya, suka ci Damagaram a ƙarshen watan bayan karon Tirmini, daga baya Joalland da Meynier suka isa Cadi, inda aka kashe Rabe a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Akwai abubuwa uku a nan da tarihin gida ke fito da su fili. Na ɗaya, Turawan da suka taso da rundunar ba su wuce tara ba. Sauran ɗaruruwan masu bindiga da ƴan dako duk ƴan Afirka ne da aka ɗebo daga yamma, kuma su ne suka harbe kyaftin ɗin biyu. Tambayar wa ya yaƙi wa ba ta da amsa mai sauƙi tun daga ranar farko. Na biyu, abin da ya girgiza Faris shi ne kisan kanar Bafaranshe. Garuruwan da aka ƙona ba su hana a riƙe ƙasar da rundunar ta ci ba. Na uku, kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi, kuma ana ruwaito cewa a 1923 wani matashin jami'in mulki da ke aiki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tone su aka tarar babu kowa a ciki. Daga nan jita-jita ta yaɗu cewa Voulet bai mutu ba. Ga mai koyar da hanyar bincike, wannan kabari aji ne sukutum: mene ne aka gani da ido, wa ya faɗa, yaushe aka rubuta, kuma wa labarin ke yi wa amfani?

Nazarin Muriel Mathieu (1995) da na Bertrand Taithe (2009) sun bi takardun rundunar dalla-dalla, fim ɗin African Apocalypse (2020) kuma ya naɗi muryoyin jikokin waɗanda abin ya shafa. Ana iya ɗora su a kan abin da ɗalibai za su jiyo da kansu a garuruwan da ke kan hanyar.

5. Lokaci na biyu: shekarun bariki

Tsakanin 1900 da 1946 littafin makaranta ba ya samun abin faɗi game da wannan yanki, domin yana neman fagen fama ne. A nan ne Mayahi ke da amfani ƙwarai. Ƙasashen Mayahi da Kanambakashe sun daɗe ana mulkinsu daga barikin Tasawa, kuma abin da talaka ya sani na mulkin Nasara shi ne ƙidayar kawuna, da lanho, da aikin dole na hanya da gine-ginen bariki, da ɗibar samari soja a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da dokar indigénat wadda ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da shari'a ba. Yunwar 1913-1914 da ta 1931 sun auku ana cikin wannan hali. Sai a 1946 aka soke aikin dole da dokar indigénat.

Yadda jama'a suka amsa wannan matsi shi ne abin koyarwa. Wasu sun ɓoye mutane da dabbobi ranar ƙidaya. Wasu sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar Katsina ko Daura, inda suke da dangi, su dawo idan ƙura ta lafa. Iyakar da aka kafa wa alamu tsakanin 1906 da 1908 ta zama mafaka ga wanda aka yi ta don a tsare shi. Wasu kuma sun nausa arewa sun haƙa rijiya sun sari daji, nesa da idon dogari da na gardi. Garuruwa da yawa na yankin suna ɗauke da sunan wanda ya kafa su, Gidan wane ko Ɗan wane, kuma tarihin kafuwarsu na nan a bakin tsofaffi. Ba kowace ƙaura ce gudun haraji ba: neman gona, da ƙaruwar jama'a, da lafawar hare-hare bayan 1900 duk sun taka rawa. Aikin ɗalibi shi ne ya tambaya gari-gari, ya rarrabe.

An kuma ɗauki makami. A 1927 wata ƴar ƙaramar ƙungiya ta kai wa barikin Tasawa hari. Hukumar Faransa ta danganta abin da Mahadiyanci da kuma malaman ƙetaren iyaka, sannan ta tuɓe Sarkin Tasawa Barmu. Ya dace a kwatanta wannan da abin da ya faru a 1906, lokacin da boren Kobkitanda na ɓangaren Faransa da na Satiru kusa da Sakkwato suka haɗu ta hanyar malami guda, kuma Ingila da Faransa suka haɗa kai wajen murƙushe su. Ɗalibi zai lura cewa a wancan zamani harshen ƙin mulkin baƙo na addini ne, kuma bai san iyaka ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma noman gujiya ya bunƙasa a kudancin yankin, domin da kuɗinta ake biyan lanho. Gujiya ta kawo kantunan Turawa, da masu awo, da dillalai, da direbobi da yaran mota, da teloli da ƴan tebur a garuruwan kan hanya. Waɗannan ƙananan ma'aikata da ƴan kasuwa, masu ƙafa ɗaya a ƙauye ɗaya a birni, su ne za su zama ƙashin bayan Sawaba. In ba a koyar da wannan babi ba, babi na gaba zai zo wa ɗalibi kamar daga sama.

6. Lokaci na uku: daga 1957 zuwa 1965

A zaɓen Maris 1957, wanda aka yi bisa dokar loi-cadre ta 1956, Sawaba mai alamar raƙumi ta sami kujeru 41 cikin 60, PPN-RDA mai alamar giwa ta sami 19, Jibo Bakari ya kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Da Janar Dogol ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi a ce a'a, wato ƴanci nan take, kamar yadda Seku Ture ya nema a Gine. Faransa ba ta yarda ta rasa Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya ana tsakiyar yaƙi. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka janye sarakuna daga jikin Sawaba, aka baza soja. Sakamakon da aka bayyana shi ne i 372,383, a'a 102,395, alhali waɗanda aka rubuta sun haura miliyan 1 da dubu 300. Wato kusan kashi biyu cikin uku ba su jefa ƙuri'a ba. Jibo Bakari ya sauka a watan Oktoba.

A nan Tasawa ta shiga tsakiyar tarihin ƙasa. A zaɓen majalisa na 14 ga Disamba 1958, duk da matsin hukuma, Sawaba ta yi nasara a mazaɓun Tasawa da Damagaram. Aka soke sakamakon mazaɓun biyu, kujerun suka koma hannun abokan hamayyarta, a watan Oktoba 1959 kuma aka haramta jam'iyyar. Saboda haka ranar 3 ga Agusta 1960 ta sami mutanen wannan yanki da wakilan da ba su suka zaɓa ba. Klaas van Walraven, wanda littafinsa na 2013 shi ne nazari mafi faɗi a kan Sawaba (an fassara shi zuwa Faransanci a 2017), yana ɗaukar abin da ya faru a 1958 a matsayin juyin mulki.

Daga nan Sawaba ta koma ɓoye da gudun hijira. Kano ta zama mata babban zango, saboda zumuncin da ke tsakaninta da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda ita ma ta yi amfani da kalmar sawaba tun 1950. Hanyoyin da iyaye suka bi don gudun lanho, su ƴaƴa suka bi da wasiƙu da takardun jam'iyya. An tura samari koyon aikin soja a Aljeriya, da Sin, da Biyetnam ta Arewa, da Gana ta Kwame Nkrumah. A 1964 matsi ya tsananta a jihar: mutum sama da 20 daga cikin waɗanda aka kama bayan wani taro a Jiratawa sun mutu a ɗakin tsaro saboda rashin iska. A ƙarshen Satumba da Oktoba na shekarar, ƙananan rukunonin mayaƙa suka shigo ta iyakar kudu da ta yamma. Boren gama-gari da suka sa rai bai auku ba. An kashe Danduna Abubakar a yankin Ƙonni. Ranar 13 ga Oktoba aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a a Yamai, cikinsu har da Sale Ɗan Kullu. Ranar 13 ga Afrilu 1965 Amadu Diop ya jefa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, shugaba Jori ya tsira. Aka cika gidajen kurkuku, har da na Agadas da Bilma.

Abin lura ga malami shi ne waɗanda suka farauci mayaƙan. Ban da soja da jandarma, an tara ƴan bangar jam'iyya da mutanen ƙauyuka da kwari da baka, bisa umurnin sarakuna da masu gari. Wanda aka kama da wanda ya nuna maɓoyarsa sau da yawa ƴan gari ɗaya ne, wani lokaci ma surukai. Wannan ne ya sa aka yi shiru a kan batun shekaru masu yawa, har bayan juyin mulkin Seini Kunce na 15 ga Afrilu 1974.

7. Shawara kan tsarin darasi

Muna ba da shawarar a raba aikin zuwa matakai biyar, ko a jami'a ko a ajin ƙarshe na lise.

Mataki na ɗaya taswira ce. Ɗalibai su zana yankin da hannunsu, su sa Tasawa, Maijirgi, Urafan, Korgom, Mayahi, Kanambakashe da Gulbin Kaba, da hanyoyin da suka gangara Katsina da Daura. A kan wannan taswira guda za a ɗora hanyar rundunar 1899, da hanyoyin ƙaura, da kasuwannin gujiya, da hanyoyin Sawaba. Idan layukan suka hau kan juna, ɗalibi ya ga hujjar da idonsa. Gani ya kori ji.

Mataki na biyu karatun takarda ne. Rahotannin kumandoji da littattafan rangadi suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence. Abin da jami'an Ingila suka rubuta kan masu ƙetarowa yana ma'ajiyar Kaduna. A zaɓi shafi guda, a fassara shi zuwa Hausa a cikin aji. Wajen fassarar ne ɗalibi zai gane cewa kumandan bai ji Hausa ba sai ta bakin tafinta, kuma yana rubuta wa na gaba da shi ne, wanda ke son jin cewa ƙasa lafiya.

Mataki na uku hira ce da tsofaffi. Wanda yake da shekara 18 a 1964 an haife shi a 1946, saboda haka shaidun gani da ido na babin Sawaba suna ƙarewa, kuma wannan aiki ba ya jiran a sami kuɗin babban bincike. Wayar hannu ta isa naɗar murya. Game da 1899 kuwa, abin da ya rage shi ne abin da kaka ya ji daga nasa kakan, kuma dole a tambayi mai ba da labari daga wa ya ji, domin fim da rediyo sun riga sun shiga cikin abin da ake tunawa. A nemi mata musamman: su ne suka kai abinci maɓoya, su ne suka bi mazansu ƙofar kurkuku, kuma takardun bariki ba su cika ambatonsu ba. Cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar CELHTO da ke Yamai suna da daɗaɗɗiyar ƙwarewa a wannan fanni, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi kuma ita ce mafi kusa da filin.

Mataki na huɗu gwama majiyoyi ne. A ɗauki aukuwa guda, a jera abin da takarda ta ce da abin da baki ya ce, a nuna inda suka dace, da inda suka saɓa, da inda kowannensu ya yi shiru. Littafin Sarraounia na Abdullahi Mamani (1980) ya dace da wannan mataki: ƙagaggen labari ne a kan 1899, amma marubucinsa ɗan Sawaba ne da ya yi gudun hijira, don haka ana iya karanta shi a matsayin shaida kan yadda mutanen 1964 suka kalli 1899.

Mataki na biyar shi ne fita zuwa duniya. Sai yanzu ne za a kawo Gine, wadda ta ce a'a ta sami ƴanci a Oktoba 1958, da Kamaru, inda aka kashe Um Nyobe ranar 13 ga Satumba 1958 kuma yaƙin UPC ya zarce har bayan ƴancin 1960, da Aljeriya. Ɗalibin da ya riga ya san abin da aka yi wa ƙuri'ar Tasawa zai yi wa waɗannan ƙasashe tambayoyi masu ma'ana: me ya sa abin da ya yiwu a Konakiri bai yiwu a Yamai ba? Me ya sa mayaƙa suka daɗe a dazuzzukan Kamaru, amma a filin Sahel bayan girbi aka gano su cikin ƴan kwanaki?

8. Abubuwan kiyayewa

Na farko shi ne amanar mutane. A cikin aji guda ana iya samun jikan wanda aka ɗaure da jikan wanda ya ɗaure shi. Kada a naɗi muryar kowa sai da yardarsa. Kada a fitar da sunan wanda aka ce ya kai tsegumi. A shiga gari ta hannun maigari kamar yadda al'ada ta tanada, amma kada a yi dukan hirarraki a ƙofar fada, domin abin da talaka zai faɗa a can daban ne da wanda zai faɗa a zaurensa. Idan an gama, a mayar wa garin da sakamakon cikin Hausa.

Na biyu shi ne son gida. Tarihin yanki yana iya zama kirari, kowane gari ya ce shi ne ya fara tsayawa. Maganin wannan shi ne mataki na huɗu da na biyar: kowace da'awa a nemi majiyarta, kowane abin da aka ɗauka na gida ne kaɗai a duba ko ya faru a wani wuri.

Na uku shi ne sauyin iskar siyasa. Shekaru da dama sunan Jibo Bakari abin tsoro ne a bainar jama'a. An tsare shi daga 1975 zuwa 1984, ya rasu a 1998. Sojan Faransa sun fice daga Nijar a Disamba 2023, a Oktoba 2024 kuma aka sauya wa titin Dogol na Yamai suna zuwa titin Jibo Bakari, sannan kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan ya buɗe ƙofar magana, ya kuma ƙara wa koyar da tarihi cikin Hausa nauyi. Amma akwai haɗarin a cire wani labarin hukuma a maye gurbinsa da wani, a mayar da kowane ɗan Sawaba gwarzo, kowane ɗan RDA maci amana. Gaskiyar ita ce PPN-RDA, wadda aka kafa a 1946, ita ma ta sha matsin hukumar mallaka a farkon rayuwarta, kuma Jibo Bakari kansa daga cikinta ya fito; ita Sawaba kuma ta yi ƙawance da sarakuna a 1957, ta kuma yi kuskuren lissafi a 1964 wanda magoya bayanta na ƙauye suka biya kuɗinsa. Aikin jami'a shi ne ta riƙe duka biyun a kan tebur.

9. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa idan aka kalli neman ƴancin kai daga Tasawa da Mayahi, ranar 3 ga Agusta 1960 ba ta raba tarihi gida biyu kamar yadda littafin makaranta ke nunawa. Akwai zare guda da ya taso daga Dankori da Maijirgi a 1899, ya ratsa shekarun lanho da ƙaura da harin 1927, ya kai ga ƙuri'ar da aka soke a 1958 da farautar mayaƙa a 1964. A kowane mataki, masu ƙi da masu bi da masu gudu maƙwabtan juna ne, kuma iyakar kudu tana cikin lissafin kowa.

Ko za a kira wannan zare yaƙin neman ƴancin kai, ko a nema masa wani suna, muna ganin a bar wa ɗalibai su yanke a ƙarshen darasi, kowa ya kawo hujjarsa daga takarda da kuma daga baki. Muna fatan abokan aiki da ke Dogonduci, da Ƙonni, da Tera, da Agadas za su gwada wannan tsari a yankunansu, domin sai an tara irin waɗannan nazarce-nazarce na yanki-yanki za a iya sake rubuta babin ƙasa baki ɗaya. Aikin da ya fi gaggawa a yanzu shi ne na mataki na uku, wato naɗar muryoyin shaidun 1958 da na 1964 tun suna raye.